Ƙyallen Inna Mai Labule

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Labule ta yi tana rufe wa mutane tagogi, sai Allah ya ba ta 'yar da ba ta da buri a duniya irin ta buɗe su.

Shagon Inna yana ƙarshen layi, bango ɗaya da na ƙawarta Mai Kitso. Ɗaki ne mai tsawo, da baƙin keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka da almakashi ya gama yi wa tabo, da yadudduka a jingine har rufi. Duk wanda ya san labule a unguwar ya san hannunta. Babban yadi mai nauyi take sawa a gaba, ta ɗinka masa shafi a baya, wato farin yadin nan marar kwalliya da ke fuskantar taga. Sannan ta zuba tattara a sama, geza a ƙasa, tuntu a ƙugu. In Inna ta gama da falonka, ko da tsakar rana ce sai ka kunna fitila, kuma kai da kanka za ka ce an yi aiki.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, zanen gine-gine ta karanta. Unguwa ta sa mata Injiniya. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita mai zanawa ce, injiniya daban yake, aka ce to, Injiniya, mun ji. Bayan shekaru tana zane a ƙarƙashin wasu, aka ba ta aikin farko da zai fita da sunanta: ɗakin karatu na yara. Tun ranar da labarin ya zo, ba wanda ya shigo shagon Inna ya fita bai ji shi ba, har mai kawo wasiƙa. A ranar kuma Inna ta ware wani yadi ja mai duhu, mai sulɓi kamar bayan kyanwa, da geza ruwan zinariya, ta naɗe su ta ɗora a saman kantar shago. Duk mai tambaya sai ta ce an kama. Ba ta gaya wa Auta ba. A ganinta, abin da ya zama dole ba ya buƙatar shawara.

Da ginin ya kusa kammala, Auta ta ɗauko ta da safe don ta gani. Inna ta ci ado, ta jefa tef ɗin awo a jaka.

Tun daga ƙofa ta fara ƙyafta ido. Bango siminti ne tsirara, har ana ganin sawun katakon da aka zuba shi a ciki.

"Yaushe za a yi fentin?"

"An gama, Inna. Haka zai zauna."

"Haka?"

"Haka."

Inna ta sake kallon bangon. Suka ratsa wani ɗan lungu, sai ga su a babban ɗaki, nan kuwa ta tsaya cak. Bango guda gaba ɗaya gilashi ne, daga ƙasa har sama, tsayin bene biyu, an raba shi gida bakwai da siraran ƙarafa baƙaƙe. Kantoci na farin katako sun bi sauran bangwayen, ga ƙananan tebura daidai tsayin yara a gaban gilashin. A tsawon rayuwarta Inna ba ta taɓa tsayawa gaban taga irin wannan ba. Kafin ta ankara, hannunta ya zaro tef.

"Inna," in ji Auta a hankali. "Ba za a sa labule a nan ba."

"A ina za a sa?"

"Ko'ina. Na juya wa rana baya ne da ginin. Na bi hanyarta ta shekara guda a kwamfuta, rana ba za ta taɓa shigowa ta gilashin nan ba, haske kawai. Yaro zai yi karatu tun safe har yamma ba fitila, yana ganin bishiyoyi."

"Taga ba labule, ai mutum ne ya fito ba riga."

Auta ta yi dariya ta rungumo kafaɗarta. Dariyar ce ta fi yi wa Inna ciwo. Ta mayar da tef jaka, ta ce Allah ya sanya albarka, kuma har zuciyarta ta faɗa. Amma abin ya zauna mata a ƙirji.

Inna tana da wata ɗabi'a da ta girme wa Auta. Ba ta taɓa yanka wa taga yadi sai ta san irin ranar da tagar ke sha. Tana da wani shuɗin yadi mai arha, irin wanda ko kallonsa rana ta yi sai ya koɗe. Takan yanki ƙyalle kamar tsawon yatsa biyu, ta ninke rabinsa ta ɓoye, ta liƙa a kusurwar taga, ta dawo bayan mako uku. In ta buɗe ninkin ta haɗa ɓangaren da ya ga haske da wanda bai gani ba, ƙyallen zai gaya mata kaurin shafin da tagar ke so. Yau ma, ba don tana da aiki a nan ba, hannunta ya shiga jaka ya fito da ƙyallaye da salatif. Ta bi tagogin ofis da na lungu, ta zo babban gilashi ta durƙusa ta liƙa ɗaya a can ƙasa. Auta ta dubi fuskar uwarta, ta ƙyale ta.

Mai Kitso kuwa, da ta ji, ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Ke da kika taka karatun nan nata da ƙafarki, feda bayan feda? Ƙawata, 'ya'yan zamani ke nan. Su sha nonon sana'a, su ce sana'ar ta tsufa."

"Ai ba haka ta ce ba."

"Me ta ce?"

Inna ta taka kekenta da ƙarfi.

Mako uku suka cika. Inna ba ta barin ƙyallenta a gidan kowa, don haka ta rufe shago da wuri ta tafi. Ta tarar ma'aikata suna wanke hannu, don ƙarfe huɗu suke tashi. Babban Magini, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya gane ta ya ce mai gadi ya bar ta ta shiga.

Ƙyallen ofis lafiya lau. Na lungu ma haka. Ta ce a ranta, yarinyar nan dai ta san aikinta. Da ta ɓanɓaro na babban gilashi ta buɗe ninkin, sai ta matsa kusa da haske ta sake dubawa. Rabi shuɗi ne, rabi ya yi fari-fari kamar an wanke shi sau goma.

Ruwa ba ya tsami banza. Inna ta leƙa sama, babu rana ta wannan ɓangaren, kamar yadda Auta ta faɗa. Ta jawo wata kujerar yara ta zauna, gwiwoyinta har ƙirji, ta zuba wa gilashin ido.

Ƙarfe huɗu da rabi abin ya zo. A tsallaken titi akwai wani dogon bene sabo mai bangon madubi, wanda sai a watan da ya wuce aka sauke ragar da ta lulluɓe shi. Da rana ta karkata, sai ta daki madubin, madubin ya watso ta kai tsaye cikin ɗakin karatun. Haske fari fat ya kwanta a kan ƙananan teburan nan ɗaya bayan ɗaya, ya hau kantoci. Inna ta kare ido da hannu, hawaye ya zubo mata ba kuka ba. Sa'a guda cur ya yi kafin ya janye. Sa'ar da yara ke tasowa daga makaranta ke nan. Auta da safe take zuwa, ma'aikata da huɗu suke tafiya, mai gadi kuma ba wanda ya tambaye shi.

In an ce Inna ba ta ji daɗi ba, an yi ƙarya. Ta ji, har ta yi murmushi ita kaɗai, ta tuna jan yadinta da ke saman kantar shago. Amma kafin ta kai bakin titi daɗin ya juye ya zama tsoro. Saura kwana goma sha biyu a buɗe wurin. Za a taru, manya su zauna, rana ta kore su daga kujerunsu, a ce wa ya zana wannan.

Ta kira Auta a waya. "Gobe ƙarfe huɗu da rabi ki same ni a wurin aikinki."

"Lafiya, Inna?"

"Gani ya kori ji."

Washegari suka tsaya tare. Da hasken ya shigo, Auta ta matsa gaba. Ta taka har tsakiyarsa, ta ɗora tafin hannu a kan tebur ta ji zafinsa, ta juya ta kalli benen madubin.

"Lokacin da na yi zanen, fili ne a wurin," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Amma na ga ana gina shi. Kullum ina wucewa ta gabansa. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba." Ta juyo. "Yaya aka yi kika sani?"

Inna ta miƙa mata ƙyallen. Auta ta daɗe tana jujjuya shi.

Ta zauna a gefen tebur tana lissafa mafita da yatsu. A liƙa wa gilashin baƙar leda, ɗakin ya mutu tun safe saboda sa'a ɗaya ta yamma. A ƙera masa inuwar ƙarfe ta waje, wata uku ne. Yatsun suka ƙare.

Nan Inna ta buɗe jakarta ta zaro yankin jan yadin da gezarsa, ta shimfiɗa a kan farin teburin. Ta shafa shi, ya kwanta.

"Wata goma sha ɗaya yana jiranki. Kwana takwas na gama. Ko ƙwayar rana ba za ta ratsa shi ba."

Auta ta kalli yadin, ta kalli ɗakin. Da ta yi ƙarya ta ce yana da kyau, da an wuce wurin. Amma ba ta iya ba.

"Inna, ki yi haƙuri. In aka rataya wannan, an kashe ɗakin."

"Kashewa?"

"Ba aikinki nake rainawa ba."

"To me kike yi? Gidaje nawa na shiga a garin nan, ba wanda ya mutu." Ta naɗe yadin. "Ranarki ce, gilashinki ne. Ku sasanta."

Ta fita ba ta jira a kai ta gida ba.

Fushin uwa bai cika kwana biyu ba, na Inna ko ɗaya bai cika ba. Da safe, maimakon shago, ƙafarta ta kai ta ginin. Ta gaya wa kanta cewa so take ta ga abin da ke cikin ɗakin nan da har labulenta zai kashe. Ta zauna a kujerar shekaranjiya ta naɗe hannu, kamar mai jiran a ba ta haƙuri.

Da farko ba ta ga komai ba sai rashi: ba fenti, ba ado, ba fure. Can sai idonta na mai ɗinki ya kama wani layi. Tsagin da ke tsakanin shimfiɗar ƙasa ya taho miƙe ya haɗu da ƙarfen gilashi daidai wa daida. Ta bi ƙarfen sama, ya haɗu da tsagin rufi. Ta duba na biyu, haka. Na uku, haka. Sawun katakon da ke jikin siminti ya zagaya ɗakin ya sauka daidai kan kantoci. Inda bango ya sadu da ƙasa kuwa, ba a bi shi da katakon nan da ake rufe baki da shi ba. An bar haɗin a fili, tsaf.

Babban Magini ya zo ya tsaya kusa da ita.

"Inna, kina duba aikinmu ne?"

"Ina dubawa. Wa ya ja muku layin nan?"

"'Yarki. Kin ga bangon can? Sau biyu muka zuba shi. Na farko ya kauce da faɗin yatsa. Na ce mata, Injiniya, a shafe shi da filasta, wa zai sani? Ta ce filasta ai rufin asiri ce, ita ba ta da asirin da za ta rufe." Ya yi dariya ya gyara fensirinsa. "Shekara arba'in ina gini, ban taɓa shan wuya irin ta wannan marar kwalliyar ba. Ba inda za ka ɓoye kuskure. Amma ni yanzu in na wuce ta titin nan da jikokina, sai na nuna musu."

Ya tafi ya bar ta da maganar. Inna ta san wani abu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Geza ba ado ba ce kawai. In kalmasa ta ɗan karkace, geza ce ke rufewa. In an yi kuskuren awo, tattara ta haɗiye. In abin ya ƙi, sai a ce ƙasan ɗakin ne ba daidai ba, kuma sau tara cikin goma gaskiya ne. Shekara talatin da ɗaya ana yaba mata, amma ba a taɓa sa ta ta yi ɗinki tsirara ba. Ta ga ashe ɗakin nan ba raina ta yake yi ba. Tambayarta yake yi ko za ta iya.

Ta miƙe ta je gaban gilashin. Wa ke yaƙi da rana a cikin labule? Ba jan yadi ba ne, shi ɗan gata ne, falo yake kallo. Shafi ne ke tsaye a baya yana shan rana shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Kuma tana da wani shafi sirara, fari mai ɗan ruwan madara, da ta san halinsa: yana karya kaifin rana, ya bar haske ya wuce.

Da yamma, ƙarfe huɗu da rabi, ta sa Babban Magini ya jinkirta tafiya, ya hau tsani ya riƙe mata yadi uku na shafin a jikin gilashi. Auta ta iso tana haki. Inda shafin ya tare, hasken ya sauka a tebur a kwance, mai taushi. Ta bayansa ana ganin inuwar bishiyoyi suna motsi.

"Gida bakwai, ƙyalle bakwai," in ji Inna, ba ta kalle ta ba. "Kowane faɗin gilashinsa. Ba tattara, ba geza. Bakinsu zai ɓuya bayan ƙarafan nan naki. Ki sa a saka mini siririn ƙarfe a cikin tsagin rufin can, da safe a zuge su gefe su haɗu a bayan kantar littattafai. Ƙasa kuma zai tsaya yatsa ɗaya sama da daɓe."

Auta ta zo ta bayanta ta kifa goshi a kafaɗarta, kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Ɗaga ni," in ji Inna. "Ban ce na huce ba."

Shagonta bai kai tsawon ƙyalle ɗaya ba, don haka aka ɗauko baƙin keken a bayan mota aka kafa shi a tsakiyar ɗakin karatun. Mai Kitso ta tambaya, Inna ta ce wani aiki ta samu a cikin gari. Kunya ce ta hana ta faɗa. Ita da ake zuwa nema saboda tuntu, a ji tana ɗinka shafi zalla? Ko Babban Magini da ya ga farin yadi shimfiɗe daga bango zuwa bango sai da ya ce, "Inna, ginin namu rasuwa ya yi?" Ta ce masa in bai matsa ba za ta auna shi.

Aikin ya ba ta kashi. Ɗinki miƙe na tsawon bene biyu a kan yadi sirara, in ƙafa ta ɗan yi sauri sai ya tattare, kuma da haske ya bi ta bayansa kowane tattarewa sai ya fito ɓaro-ɓaro. Ƙyalle na farko sau uku tana farke shi. Ta rage gudun ƙafarta har ta koma kamar mai koyo. Ta daina yanka da almakashi, sai ta zare zare ɗaya daga cikin saƙar, ta bi hanyar da ya bari. Da aka rataya su, ba ta yi kalmasa ba sai da ta bar su kwana uku, don ta san yadi yakan saki jiki ya ƙara tsawo in ya ji nauyin kansa. Auta ta ce lokaci na tafiya. Inna ta ce yadi bai san ranar buki ba.

Ana saura kwana biyu a buɗe wurin ta durƙusa a kan matashi da allura a hannu, ta fara kalmasa, tana zura siririyar sarƙa a ciki don ya tsaya miƙe. Ta kai na huɗu ta ja baya ta duba, sai ta ga gefe ɗaya ya ɗaga kaɗan. Bakinta ya buɗe da kansa.

"Ƙasan nan ne ba..."

Babban Magini, da ke wucewa, ya tsaya. Ya ajiye ma'aunin ruwansa na duba daidaito a daɓe kusa da gwiwarta. Ɗigon ya tsaya a tsakiya cif.

Inna ta kalli ma'aunin, ta kalle shi, ta sa allura ta farke. Auta ta tuɓe takalmi ta durƙusa a gefenta tana riƙe mata bakin yadin. Can Inna ta lura da yadda yarinyar ke karkata kai tana rufe ido ɗaya in za ta duba layi, ta gane a wurinta ta gaji wannan. Allurarta ta ƙara sauri.

Ranar buɗewa, da ƙarfe huɗu aka fara. An cika ɗakin, manya a gaba, yara sun mamaye ƙananan tebura. Inna ta zauna a gefe tare da Mai Kitso, wadda ta zo ganin ƙwaƙwaf, ta kuma zo da ta'aziyyarta a shirye. Ana jawabi Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Idonta na kan agogon bango.

Huɗu da rabi ta yi. Benen madubi ya watso ranarsa kamar kullum. Bangon nan mai gida bakwai ya ɗauki haske daga sama har ƙasa, fari mai ruwan madara, lumui, ba ƙugu ba tattara, inuwar ganye na wasa a jikinsa. Wata yarinya da ke teburin gaba, daidai inda Auta ta ji zafi a tafin hannunta, ta juya shafin littafinta ba ta ko ɗaga kai ba. Inna ta ɗauke idonta daga agogo, ta gyara zama.

Mai Kitso ta matso ta rage murya.

"Gaskiya wuri ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ji wannan gilashin, ko daga wace ƙasa aka kawo shi, yadda yake tace rana. Amma ƙawata, Auta ba ta kyauta miki ba. Uwarta mai labule, a ce duk ginin nan ko labule ɗaya?"

An yabi Inna a gidaje da yawa. An ce tuntunta ya fi na kowa, an ce gezarta kamar ta fada. Ba a taɓa yi mata yabon da ya ratsa ta har tafin ƙafa irin wannan ba. Ta bar shi ya zauna mata a ciki tukuna, sannan ta ce:

"Tashi ki taɓa gilashin."

"In taɓa?"

"Je ki."

Mai Kitso ta ratsa ta bayan kujeru ta kai yatsa. Bangon ya motsa, ya koma ya tsaya. Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta, ta waiwayo. Sannan ta manta da adonta da manyan da ke wurin, ta durƙusa ta ɗaga ƙasan yadin, ta juya shi gaba ta juya shi baya, ta kawo shi kusa da ido. Ta dawo ta zauna a hankali.

"Ina ɗinkin?"

"Nemo shi," in ji Inna.

Da aka watse, Auta ta kuɓuce daga masu gaisawa ta zo ta tsuguna a gaban uwarta. Ta buɗe tafin hannu, ga shuɗin ƙyallen nan, rabi ya koɗe.

"Inna, an ba ni wani aikin. Asibitin haihuwa ne, taga goma sha huɗu. Ina so ki yanka mini irin wannan goma sha huɗu."

Inna ta karɓi ƙyallen ta ninke shi ta jefa a jaka, kusa da tef ɗinta.

"Ba a aike da shi," ta ce. "Da kaina nake liƙawa. Ki zo ki ɗauke ni da yamma, ba da safe ba."